Amsa: ƙorafin ƙarya ya cire shafina daga Google

Malam, ka ce wani ya kai ƙorafi wai ka saci rubutunsa, Google ya cire shafinka daga sakamakon bincike. Dabarar masu ƙorafin ƙarya ke nan: su kwafi naka, su mayar da kwanan watan nasu baya kamar su suka fara wallafawa, su shigar da ƙorafin DMCA, wato dokar haƙƙin mallaka ta Amurka.

Kada ka goge shafin. Duba sanarwar a Search Console (dandalin Google na masu shafukan intanet), ka nemo ƙorafin a Lumen (rumbun da ake ajiye irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe), sannan ka ɗauko tsohon hoton shafin daga Wayback Machine (ma'ajiyar tsofaffin hotunan shafukan intanet), shi ne babbar shaidarka. Sai ka cike fom ɗin martani na Google. In mai ƙorafin bai garzaya kotu ba, doka ta ce a mayar da shafin cikin ranakun aiki 10 zuwa 14. Amma fa sunanka da adireshinka za su iya isa hannunsa.