Amsa ga ɗan'uwan da ya yi tambaya kan sitrulin da hawan jini

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, tambayarka ta hana ni wucewa. Ka ce tun da aka ɗora ka a kan maganin hawan jini harkar iyali ta yi sanyi, kuma abokinka ya ce ka ajiye maganin asibiti ka koma garin sitrulin (citrulline, wani sinadari da ake samu a kankana), wai yana sauke jini kuma yana dawo da ƙarfi. Wallahi kamar labarina ka rubuta. Don girman Allah kada ka ajiye maganinka.

Ni wani mai kemis ne a nan Zariya ya kusa aika ni lahira. Ya san ni sarai, a wurinsa nake sayen amlodipine da isosorbide da aka rubuta mini saboda ciwon ƙirji. Da na gaya masa damuwata cikin sirri, sai ya zaro wata farar roba daga ƙarƙashin kanta, babu lambar NAFDAC, babu sunan kamfani, ya ce: "Alhaji, sitrulin ne zalla, daga kankana aka ciro shi, ko yaro zai sha." Bayan isha'i na dama cokali guda na sha. Can fuskata ta ɗau zafi, hanci ya toshe, kai kamar zai tsage. Na miƙe zan kama ruwa, buta a hannuna, sai duhu ya rufe mini ido. A bakin rijiya na faɗi. Uwargida tana salati tana kiran maƙwabta, yara suna kuka, ni kuma ina jin su amma na kasa ɗaga ko yatsa. A Keke Napep aka kwashe ni zuwa asibiti, jinina ya yi ƙasa sosai. Likita ya ce alamun sun fi kama da an cuɗa garin da sildenafil, sinadarin da ke cikin Viagra, kuma haɗa shi da isosorbide yana kashe mutum.

Abin da har yau yake ci mini rai, da na warware na koma wurin mutumin nan, ko sannu bai ce mini ba. A gaban mutane ya ɗaga murya, wai mutum nawa suka sha lafiya, ni ne jikina ya riga ya mutu. Sirrin da na ba shi ya tona a bainar jama'a. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba. Kuma har yanzu shagon a buɗe yake.

Shi sitrulin na gaskiya ba guba ba ne, kada a zalunce shi. Jikinmu ma yana yin nasa, kuma akwai shi a kankana, har da farin nan na jikin ɓawo da muke zubarwa. Idan ka sha, ƙoda tana mayar da shi arginine, daga nan a samu nitric oxide mai sassauta jijiyoyin jini su buɗe. Shi ya sa samarin da ke ɗaga ƙarfe suke shan giram 6 zuwa 8 na wani nau'insa mai suna citrulline malate kafin motsa jiki. Amma saukar da jinin da yake yi ɗan kaɗan ne, ba zai taɓa tsaya maka a madadin ƙwayar asibiti ba. Batun mazantaka kuwa, binciken da aka fi ambato an yi shi a Italiya a 2011, maza 24 kacal masu ɗan rauni, giram 1.5 kullum tsawon wata guda, rabinsu suka ga canji. Ka ga ai bai kai yadda 'yan talla suke kururuta shi ba. Wasu kuma yana ɓata musu ciki.

Haɗarin yana wurin haɗawa. Maganinka yana sauke jini, shi ma sitrulin yana saukewa, to idan suka taru ana iya samun jiri da faɗuwa. Mai shan maganin zuciya irin nawa, ko mai matsalar ƙoda, kada ya taɓa sai likita ya amince.

Kuma ka cire kunya ka gaya wa likitanka abin da ke faruwa a ɗaki. Ni sai da na kwanta a gadon asibiti na ji cewa wasu magungunan, kamar atenolol da masu sa yawan fitsari, suna iya kawo wannan raunin, kuma ana iya canza wa mutum wani. Ka sa a auna maka suga ma, don shi yana lalata jijiya a ɓoye. Sannan ka zaunar da iyalinka ku yi magana. Matata ta daɗe tana zaton aure nake nema, tana kuka ita kaɗai, ni kuma ina can ina neman gari a roba.

Yanzu tafiya nake yi da ƙafa bayan asuba, daga Tudun Wada har Ƙofar Doka in dawo, an rage mini gishiri da magi a miya, kuma alhamdu lillahi na ga sauƙi. Ka rubuto sunayen duk magungunan da kake sha, akwai masu ilimin haɗa magunguna a cikinmu, su duba maka kafin ranar ganin likitanka. Allah Ya ba ka lafiya.