Game da tsoron gwajin jini kafin aure

Ɗan'uwa, ka ce saura wata biyu a ɗaura aurenku, kana ta ɗage gwajin jini don tsoron a ce kai da yarinyar duk AS ne, wato kuna ɗauke da gadon sikila a jini amma ba ku da cutar. Ni ma na shiga wannan halin.

Wata uku na yi ina zille wa asibiti, kullum da sabon uzuri. Wani abokina, tela ne ma ba likita ba, ya gaji da ni. Ya ce, "Jininka tun ranar da aka haife ka yake yadda yake, takarda karanta shi kawai za ta yi. In ka ƙi zuwa, yaron da ba a tambayi ra'ayinsa ba ne zai biya." Wallahi ranar ban yi barci ba.

Lissafin ga shi: idan ku biyun AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato sikila. Kowane ciki fa, ba wai ɗaya daga cikin 'ya'ya huɗu ba. Ana iya jera biyu ko uku.

Kuma in a Kano kake, tun 2024 doka ta wajabta gwajin kafin aure, har da na ƙanjamau da ciwon hanta. Gara ka je da ƙafarka tun kafin a kai lefe.

Ku tafi tare, asibitin da aka yarda da shi, in da shakka ku sake a wani wurin. Nawa AS ya fito, na wadda zan aura AA, wato babu gadon sikila a jininta. Allah Ya zaɓa muku mafi alheri.