Tambaya da amsa: batun bincike da kayan ɗakin gwaji

Tambaya: Malam, ina shekarar ƙarshe a sashen kemistiri na jami'ar KNUST a Kumasi. An ce mu kawo batun bincike, kowa sai maganar nano, wato kimiyyar abubuwa masu matuƙar ƙanƙanta, yake yi, ni kam na rasa inda zan kama. Daga wata ɗaliba a Aboabo.

Amsa: 'Yata, kwantar da hankalinki. Kafin ki zaɓi batu, je ki tambayi na'urorin da ke aiki a ɗakin gwaji da kuɗin auna samfuri ɗaya. Ga kogin Offin da Pra da galamsey, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ya gurɓata, auna dalma da makuri a ruwansu bincike ne mai amfani. Ki ɗebi ruwan a kwalbar da aka wanke da asid, ki ɗiga asid naitirik har pH, wato awon ƙarfin asid, ya sauka ƙasa da 2, ki ajiye a sanyi. Idan ba haka ba, ƙarfen zai manne a jikin kwalba, sakamako ya fito ƙasa da gaskiya. Iyakar dalma a ruwan sha, a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, maikirogiram 10 ce a lita.

Tambaya: Na ga madubin hangen ƙwayoyi mai USB a intanet. Zai nuna min atam? Daga Asawase.

Amsa: Haba ɗan'uwa! Madubin haske ba ya rarrabe abin da bai kai nanomita 200 ba, atam kuwa bai kai rabin nanomita ba (nanomita miliyan ɗaya ne ke yin milimita ɗaya). Sai na'urar STM ta 1981 ko AFM ta 1986, masu bin saman abu da tsinin allura. Riƙe kuɗinka.

Tambaya: An yi min tayin kubet na kwaz, wato ƙaramin mazubin na'urar awo da hasken UV wanda ido ba ya gani, a rabin farashi. In saya?

Amsa: Kada ka biya sai ka gwada. Zuba ruwan da aka tace ta tururi a ciki, ka auna da hasken UV mai tsawon zango nanomita 260. Kwaz na gaske zai bar mafi yawan hasken ya wuce, gilashi kuwa zai tare shi. Wanda ya auna DNA ko furotin a hasken UV da mazubin gilashi aikin banza ya yi.

Wannan arha ita ce ke kashe binciken yaranmu. Ɗalibi zai sayi sinadari da aka juye a kwalba marar suna, ba lambar CAS da ake gane kowane sinadari da ita, ba lambar rukuni, ba takardar shaidar inganci, don ya rage sidi kaɗan. Wata uku yana fama, sakamako ya ƙi daidaita, ya ɗora laifi a kan na'ura. Wani ma da fiya wota yake haɗa sinadarai, alhali akwai gishirin ma'adinai a ciki! Wani ya sayi ma'aunin pH bai sayi ruwan daidaita shi na 4, 7 da 10 ba, kuma ya jiƙa bakin ma'aunin a ruwan da aka tace maimakon ruwan gishirin KCl, ya lalace. Kuɗin nan iyaye ne suka tara da guminsu a kasuwar Kejetia. Ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu, ku sayi kwalba ɗaya a rufe daga dillalin da sashenku ya sani, ku duba ranar ƙarewar aiki, kuma ku karɓi rasit.