Jirgin ƙasa a kan teburi: amsoshin wasiƙunku

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Tahoua. Kwanakin baya wani abokina ya nuna mini a waya wani gida a Jamus inda ƙananan jiragen ƙasa ke ta kai da kawo tsakanin duwatsu da garuruwa. Tun ranar abin ya tsaya mini a rai, alhali ban taɓa shiga jirgin ƙasa ba. Ina da wa a Faransa, zai zo hutu, ya ce in faɗi tsarabar da nake so. Me zan ce ya sayo mini, kuma ta ina ake farawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bisa yadda ka kwatanta, gidan da ka gani shi ne Miniatur Wunderland na birnin Hambug, wanda wasu tagwaye, Frederik da Gerrit Braun, suka buɗe a 2001. Dogon da aka shimfiɗa a cikinsa ya haura kilomita 15, kuma ɗaruruwan ma'aikata ke yi masa hidima. Ka kalla ka more, amma naka daga falle ɗaya na katako zai fara.

Kafin yayanka ya taka shago, ku tsai da magana a kan ma'auni, domin komai a kansa yake rataye. Wanda ya fi yawa a duniya shi ne HO, inda ake rage kowane abu sau 87. Mutum mai tsawon mita 1.70 sai ya dawo santimita 2, ƙofar ɗaki mai mita 2 ta dawo santimita 2.3. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan dogon kuwa milimita 16.5 ce, wato milimita 1435 na babban dogo an raba da 87. Akwai kuma N, mai ragi sau 160 a kan dogo mai milimita 9. Masu ƙaramin ɗaki a Turai suna son N, ni kuwa ba zan ba mutumin Tahoua shawararsa ba. Ƙafafunsa ƙanana ne, jirgin ba nauyi, ƙura kaɗan ta isa ta tsai da shi. Ka tsaya a HO.

Ka ce ya sayo akwatin masu farawa: kan jirgi ɗaya, tarago biyu ko uku, dogo mai zagaye, da na'urar ba shi wuta. Na kamfanin Jouef, ko Roco, ko Piko duk suna hawa dogo iri ɗaya, kuma na hannu suna da yawa a Faransa, sun fi sauƙin kuɗi. Ya ƙara da masauyin dogo guda biyu, da ƙarin 'yan ƙarafan da ke haɗa dogo da dogo, don su ne ke saurin ɓata. Ya kula da abu biyu. Jiragen HO na Märklin, tsohon kamfanin nan na Jamus da aka kafa a 1859, suna ɗaukar wuta ne daga wasu 'yan ƙusoshi a tsakiyar dogo, ba sa tafiya a kan dogon sauran. Kayansu masu kyau ne, amma in ka gauraya su da na wasu kuɗi ya tafi a banza. Sannan ya ce wa mai shago dogon maillechort yake so, wani farin ƙarfe da ba ya tsatsa. Tsoffin akwatuna da dama dogonsu na baƙin ƙarfe ne, damina ɗaya sai ka ga ja-ja a kansa.

Kan jirgin ya zama na dizal, gajere. Jirgin Faransa mai gudun nan, TGV, yana da ban sha'awa a hoto, sai dai taragunsa dogaye ne, suna neman kwana mai faɗi, kuma bai yi kama da abin da ke tafiya a yankinmu ba. Jiragen Kwatano zuwa Faraku, mai kilomita 438, wanda Nijar da Benin suka haɗa hannu a kansa a 1959 ƙarƙashin wata hukumar haɗin gwiwa da daga baya aka sani da OCBN, na dizal ne. Haka na Abijan zuwa Wagadugu. Faɗin waɗannan layuka mita ɗaya ne, haka ma wanda aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso aka ƙaddamar a 2016. Tsohon dogon Najeriya da ya iso Kano a 1911 milimita 1067 ne. Na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 shi ne mai 1435, don haka dogon da za a kawo maka shi ya dace da shi daidai. Masu son kwaikwayon dogon mita ɗaya suna da nasu, HOm, mai milimita 12, amma yana da tsada kuma yawancin jiragensa na Suwizalan ne. Ka bar shi sai gaba.

Gidaje, itatuwa, ciyawa, kada ya ɓata ko dala a kansu. Abin da zai samu a shago gidajen Turawa ne masu jan rufi da itatuwan ƙasar sanyi. In ka jera su, ka gina ƙasar da ba ka sani ba, kuma duk mai kallo zai gane daga kwali ta fito. Ƙasar Adar kuwa ka san ta tun kana yaro, kuma babu kamfanin da ke sayar da ita.

Ka sami kafinta ya ba ka fallen katako mai tsawon santimita 244 da faɗin 122, kaurinsa milimita 10 ko 12, ya yi masa firam a ƙasa don kada ya lanƙwashe. Matsattsiyar kwanar da aka saba a HO tana da kusan santimita 36 daga tsakiya zuwa dogo, saboda haka fallen ya ishe ka har da saura. Ka shafe shi da fenti ciki da waje, kada ka jingina shi da bangon ƙasa, gara ba ta da sabo. In kana son dogon ya hau tudu, kada hawan ya wuce santimita 3 a kowace mita.

Sai ƙasa. Ka fita bayan gari da 'yan gwangwanaye, ka ɗebo jar ƙasar fako, da farin yashin ƙorama, da baƙar ƙasar fadama, kowacce daban. Ka shanya su a rana su bushe sarai, ka tankaɗe da rariya, mai laushin ka sake tace ta da matacin shayi. Ga matakin da mutane ke tsallakewa: ka ciro mayen ƙarfe daga tsohuwar lasifika, ka sa shi a leda, ka yi ta jan sa cikin ƙasar. Za ka ga baƙin gari ya manne masa. Ƙarfe ne, kuma injin jirginka ma mayen ƙarfe ne a cikinsa; in ka bar garin nan, can zai ƙare. Tuddai da farin soson da ake naɗo firiji a ciki ake yin su, a sassaƙa da wuƙa, a lulluɓe da takardar buhun siminti da aka jiƙa da gam. Farin gam na kafintoci nake nufi. Gam mai warin fetur da fentin feshi suna narkar da soson nan. Ƙaro da kokon gari kuma suna kiran kyankyaso da ɓera. Ka shafa gam, ka barbaɗa ƙasar kamar yadda mai tsire ke barbaɗa yaji, sama-sama, launi kan launi. Bayan haka ka dama gam rabi ruwa rabi, da ɗigon sabulun ruwa don ya ratsa, ka ɗiɗɗiga a kai. Kwana ɗaya ya bushe ƙam.

Tun kafin ka dasa itace ko ɗaya, ka yanke shawara: rani kake ginawa ko damina? Gawo ne zai tona maka asiri. Da rani yana da ganye shar alhali ƙasa ta bushe, da damina kuma ya kaɗe tas gero na kore a ƙarƙashinsa. Wanda ya haɗa gawo mai ganye da gona kore, duk manomin da ya leƙa zai san da gyara. Ni rani na zaɓa a nawa teburin, don launukansa sun fi sauƙin samu kuma ƙurar da ke sauka ba ta ɓata shi. Gawo mai mita 15 santimita 17 ne a HO. Ka feɗe tsohuwar wayar lantarki, ka murɗa siraran jan ƙarfen cikinta su zama gindi, ka rarraba su a sama su zama rassa, ka shafe da gam da ƙasa. Ganyen kuma soson katifa ne da aka gurza ya yi gari, aka rina. Rumbun ƙasa irin na Adar mai mita 3 santimita 3.5 ne, da yumɓu za ka gina shi, hularsa da zaren igiyar da aka warware. Gidan ƙasa da kwali ake yanka shi a yaɓe da tankaɗaɗɗiyar ƙasa da gam, kuma kada ka manta indararo. Kowane ɗaya ka fita ka auna na gaskiya, ka raba da 87. Ido kaɗai yana ruɗi, yakan sa a yi rumbun da ya fi tasha tsawo.

Tambaya: Baba, barka da aiki. Ina unguwar Yantala a nan Yamai. Jirgina yana tafiya lafiya da damina, amma tun shigowar hunturu sai ya yi ta cijewa, fitilarsa na ƙyaftawa. Wani bakanike ya ce in zuba masa man inji. Kuma in an ɗauke wuta, zan iya haɗa shi da batirin sola?

Amsa: Ɗana, kada man inji ya kusanci jirgin nan. Yana lalata roba, kuma in ya haɗu da ƙurar hunturu sai ya zama kwaɓa. Ƙyaftawar fitila ita ta nuna inda ciwon yake: wuta ce ba ta ratsawa daga dogo zuwa ƙafafu. Ka sayo alkol a kantin magani, ka jiƙa farin ƙyalle marar gashi, ka bi kan dogon da shi har ya daina fitar da baƙi. Ƙafafun kan jirgin ma haka. A bayansu akwai wasu siraran jan ƙarfe da ke gogar su, nan zare da gashi ke naɗewa, ka cire da tsinken sakace. Kada ka goge dogo da takarda mai kaushi, tana barin zane, datti ya sami wurin zama. Mai kuwa, akwai na musamman da ba ya cin roba, ɗigo ɗaya a bakin allura ya isa. In ka gama wasa ka mai da kan jirgin akwatinsa, ka rufe teburin da zane. Tun yanzu kuma ka shirya wa zafin Afrilu da Mayu: ka bar 'yar tazara kamar kaurin kati a mahaɗar dogo don ƙarfe yana miƙewa, kuma kada ka ajiye tarago kusa da rufin kwano.

Batir zai yi, don jiragen HO masu dogo biyu da wutar volt 12 suke tafiya, irin ta batirin mota. In ka juya wayoyin, jirgin ya koma da baya. Sai dai kada ka haɗa kai tsaye. Kana bukatar abin rage gudu a tsakani, masu sayar da kayan sola da masu gyaran rediyo sun san shi. Abin da ya fi wannan muhimmanci, batir yana da ƙarfin da in tarago ya goce ya haɗa ƙarafan biyu, waya za ta yi ja ta kama wuta. Ka sa kwan fitilar mota na volt 12, wat 21, a kan waya ɗaya tsakanin batir da dogo. In an sami haɗuwa, kwan ne zai haska, wayarka ta tsira. Duk wannan na jirgi mai tsarin da ne. In naka na zamani ne mai tsarin DCC, wato wanda ake sarrafawa da na'urar dijital, ka bar shi da na'urar da ya zo da ita.

Tambaya: Ina da yaro ɗan shekara 12, kullum yana ƙera motoci da kara da gwangwani. Yanzu ya ce jirgin ƙasa yake so, mu kuwa ba mu da halin saya. Babansa na ganin ɓata lokaci ne. Daga wata uwa a Yamai.

Amsa: Hajiya, yaron da ya iya lanƙwasa gwangwani ya fitar da mota ya riga ya mallaki abin da kuɗi ba sa saya. Abin da ya rage masa awo ne, kuma ina ganin ta nan za a shawo kan babansa, domin lissafin makaranta ne tsantsa. Ki saya masa abin awo na tela da rula. Wani babba ya raka shi gefen hanyar Doso inda dogo yake, ya auna tsakanin ƙarafan da hannunsa, ya ƙirga tazarar ginshiƙan da aka ɗora su a kai, ya rubuta a littafi. Ya yi aiki da ma'auni mai girma, ragi sau 43, don ya fi daɗin riƙewa ga hannun yaro: mita ɗaya ta dogon za ta dawo milimita 23, mutum ya dawo santimita 4. Ba ya bukatar inji. Dogo da waya mai kauri, ginshiƙai da ɓawon kara, tarago da kwali, ƙafafu da marfin kwalba. A kasuwar Katako zai samu guntayen katako da waya da kuɗi kaɗan. Ya fara da tarago ɗaya tak, ya gama shi har fenti kafin ya taɓa na biyu. Yankan gwangwani da reza kuma a gaban babba zai riƙa yi, a kan katako, hannunsa na bayan wuƙar.