Wane aikin sa-kai zan zaɓa kafin in nemi gurbin karatun likita a Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina shekara ta biyu a wata jami'a a Amurka, burina in shiga makarantar likitanci. Wani babban asibiti zai ɗauke ni aikin nuna wa baƙi hanya. Kusa da mu kuma akwai gidan jinyar masu ciwon ajali da ke neman 'yan sa-kai. Sai kawuna da ya ce in zo gida hutu, zai sama mini asibitin da za a bar ni in yi allura da ɗinki. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yata. Ki ɗauki gidan jinyar nan, kuma ki daɗe a cikinsa.

A gida, daga sakandare ake shiga likitanci, shekara 6. A Amurka sai kin gama digirin farko, kin rubuta MCAT, jarrabawar shiga makarantar likitanci, sannan ki nema ta AMCAS, tsarin cike fom ɗin neman gurbi. Fom ɗin yana da gurbin ayyuka har 15, ki ware 3 da suka fi yi miki tasiri, ki yi ƙarin bayani a kansu. Masu tantancewa abu guda suke lalube a nan: shin wannan yarinyar ta taɓa zama kusa da marar lafiya, ta ga wahalar abin, kuma har yanzu tana so?

Teburin nuna hanya ba zai amsa wannan ba, komai girman sunan asibitin.

A gidan jinya kuwa, za ki zauna gefen gadon dattijon da ya daina cin abinci, ki jiƙa masa leɓe idan nas ta ba ki izini, ki saurari labarin da ya riga ya ba ki sau uku. Za ki ga 'yarsa ta fita baranda ta share hawaye, ta dawo tana murmushi don kada ya gane. Mu da muka tashi a al'adar dubiya da zaman jinya ba baƙi ba ne a wannan fage, sai dai wannan karon ba jininki ba ne a kwance, kuma a nan ake gane mai haƙurin aikin. Suna kuma bukatarki da gaske: dokar Medicare, shirin inshorar lafiya na gwamnatin Amurka, ta wajabta wa irin waɗannan gidaje 'yan sa-kai su ɗauki aƙalla kashi 5 cikin 100 na sa'o'in kula da majinyata. Sa'a uku ko huɗu duk mako, na tsawon shekara biyu, sun fi wata guda na aiki ba dare ba rana. Wanda ya daɗe yana ganin aikinki shi ne zai rubuta miki wasiƙar shaida mai nauyi.

Maganar kawunki ita ta fi damuna. Na san alheri yake nufi, ki gode masa. Amma allura da ɗinki ba na wanda bai koya ba ne, a Kano ko a Chicago. Matar da ta zo daga ƙauye da rauni a ƙafa, idan ta gan ki da farar riga, za ta ɗauka ke likita ce, ba za ta san a kanta kike koyo ba. Ƙungiyar makarantun likitanci ta Amurka, AAMC, ta gargaɗi ɗalibai a kan haka, kuma rubuta shi a fom na iya jawo miki baƙin jini maimakon yabo. Ki zo gida, ki bi likita zagayen duba marasa lafiya da izininsu, ki kalla, ki yi tambaya, hannunki a baya.

Idan kina son aikin hannu na halal, ki yi kwas ɗin mataimakiyar nas, wanda dokar tarayya ta sa masa aƙalla sa'a 75 na horo. Hausarki ma jari ce: a unguwanni irin Bronx da ke birnin New York akwai 'yan Ghana da Nijar da ke bukatar tafinta a asibiti, horon kuma yawanci sa'a 40 ne. In da bizar ɗalibai ta F-1 kike, kada ki karɓi aikin albashi a wajen makaranta sai kin tuntuɓi ofishin ɗaliban ƙasashen waje.

Ki kuma ajiye ɗan littafi. Duk ranar da kika dawo, rubuta kwanan wata, sa'o'in da kika yi, da abin da ya tsaya miki a rai, ba tare da sunan majinyaci ba, domin HIPAA, dokar Amurka kan bayanan marasa lafiya, ta tsare sirrinsa. Allah ya ba da sa'a.