Tambaya da Amsa: Ƙaramin Yaro a Lokacin Sanyi da Hidimar Biki

Wasiƙun wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suka faɗa. Sanyi ya kankama, an yi hutun ƙarshen shekara, gida ya cika da baƙi, ga ƙaramin yaro a tsakiya. Mun zaɓo guda biyar.

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata tana da shekara biyu da rabi. Tunda sanyi ya hana ta fita wasa, ƙafata ƙafarta, ko kicin na shiga tana manne da ni. Ina so mu riƙa girki tare a hutun nan, amma ina tsoron wuta da wuƙa. Me zan ba ta ta yi?
— Uwar yarinya ɗaya

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Yarinyar da aka ba aikin yi ta fi wadda ake ta kora sauƙin tsaro, domin kin san inda hannunta yake. Ki ware mata wuri guda nesa da murhu, kullum nan za ta zauna. Ɗan shekara biyu zuwa uku zai iya wanke karas da dankali a roba, ya yayyaga ganye, ya murƙushe ayaba da cokali, ya juye fulawar da aka riga aka auna. Yanka da fasa ƙwai su jira sai ta ƙara wayo.

Ki fara da biskit ɗin bota, don kayansa uku ne kacal kuma babu ƙwai: fulawa giram 300, bota giram 200, sukari giram 100. Ki fito da botar daga firiji ta yi laushi har yatsa ya iya lotsa ta, amma kada ta narke. Ki buga ta da sukarin minti biyu zuwa uku har ta yi haske, ki zuba fulawa, ki haɗa. Da zarar ya dunƙule ki tsame hannu. Ki naɗe shi a leda ya yi minti 30 a firiji, sannan ki murza shi ya yi kaurin rabin santimita ko fiye kaɗan, ita kuma ta riƙa danna bakin kofi tana fitar da su. A gasa a obin mai zafin digiri 160 a ma'aunin Selshiyas, minti 15 zuwa 20, har gefensu ya fara ja. Za su fito da laushi, kada ki ɗauka ba su gasu ba, suna hucewa za su ƙame.

Abu biyu ne ke ɓata shi, kuma duka daga hannun yaro suke zuwa. Idan biskit ya baje a faranti, botar ce ta ɗumama saboda yawan taɓawa, sai a mayar da su firiji minti 10 kafin a gasa. Idan ya fito da tauri, cuɗawa ce ta yi yawa ta tayar da danƙon da ke cikin fulawar alkama. Maganin duka biyun shi ne ki guntsura mata nata ƙullin ta yi ta dagula shi son ranta, a gasa shi a gefe, ta san nata ne. Idan kuma ƙullin ya ƙi haɗuwa yana warwashewa, ƙaramin cokali ɗaya na madara mai sanyi ya isa. Kada ta ɗanɗani ɗanyen ƙulli ko da babu ƙwai. Fulawa ɗanyen abu ce, tana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta da sai zafin gashi ke kashe su.

Mariƙin tukunya ya riƙa kallon ciki, kuma kada ki saɓa ta a kafaɗa kina suya. Kofin shayi ma abin lura ne, yana iya ƙona fatar yaro ko bayan minti 15 da haɗa shi. In tsautsayi ya gitta, a tara wurin a ruwa mai sanyi da ke gudana har minti 20, sauran jikin a lulluɓe don kada sanyi ya kama ta. Ban da ƙanƙara, ban da man goge baki, ban da mai ko ƙwai. A rufe da leda mai tsabta, kuma duk ƙunar da ta ɗuri ruwa, ko ta taɓa fuska, hannu ko al'aura, asibiti za a nufa.

Tambaya: Ɗana watansa takwas. Mahaifiyata ta zo mana hutu, kullum ta taɓa hannunsa sai ta ce ya yi sanyi, a ƙara bargo, a sa masa hula, a shigo da kaskon gawayi ɗaki da dare. Mai ɗakina ta ƙi. Ni kuma na rasa bayan wa zan bi.
— Wani magidanci

Amsa: Malam, a wannan maganar mai ɗakinka ce ke da gaskiya, sai dai kai ne ya kamata ka yi wa Mama bayani cikin ladabi, kada ka bar surukai biyu suna ja-in-ja. Mama ba ta yi ƙarya ba, hannun nasa da sanyi. Amma hannu da ƙafar jariri sukan yi sanyi ko da jikinsa lafiya lau, saboda jini bai cika kaiwa can sosai ba. Inda ake dubawa shi ne ƙirji ko ƙeya. In akwai ɗumi babu gumi, kayan sun yi daidai. In ka ji damshi ko zafi rau, a rage.

Zafin da ya wuce kima yana cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin mutuwar jarirai ta farat ɗaya a cikin barci, shi ya sa ake tsananta maganar. Ɗakin barcinsa ya kasance tsakanin digiri 16 zuwa 20. A sa masa kaya marasa nauyi a jere, ya fi abin da babba ya sa da guda ɗaya. Hula ta fita waje ce, ba ta barci ba, domin ta kai jariri ke fitar da zafin da ya yi masa yawa. A kwantar da shi rigingine a kan katifa mai ƙarfi, babu matashi, babu bargo mai kauri da zai iya rufe masa fuska. In za a lulluɓe shi, mayafi mara nauyi ne, a soke gefensa ƙarƙashin katifa, kada ya wuce ƙirji.

Kasko kuwa babu sassauci a kansa. Gawayi idan yana ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini fiye da yadda iskar oksijin ke kama shi sama da sau 200, sai mutum ya yi ta numfashi amma jikinsa ba ya samun abin da yake bukata. Gawayin da ya daina hayaƙi ya yi jajir ma yana fitar da ita, nan ne mutane ke ruɗuwa. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, ba tare da zazzaɓi ba. Idan mutanen ɗaki ɗaya suka tashi duk kansu na ciwo, suka kuma ji sauƙi da fita waje, a buɗe ko'ina, a fitar da kowa, a tafi asibiti. Janareto da murhun gas da aka kunna don ɗumama ɗaki duk hukuncinsu ɗaya. Kada a guje wa gara a faɗa gidan zago.

In akwai hita ta lantarki, a ɗumama ɗakin kafin kwanciya a kashe. Ta yi nisan mita ɗaya da labule, gado da tufafi, a kuma jona ta kai tsaye a bango. Af, in kuna sa shi a kujerar yara ta mota, a cire masa rigar sanyi mai kumburi kafin a ɗaure bel, don tana hana bel ɗin kama jiki. Bayan an ɗaure sai a yafa masa ita a sama.

Tambaya: Ranar biki muna girki mai yawa, dangi kuma kowa da abin da yake tura wa yarona ɗan wata 14 a baki. Me zai iya ci daga tukunyar gida, me zan hana?
— Wata uwa

Amsa: Kusan duk abin da kuka dafa zai iya ci, matsalar gishiri ce. Yaro daga shekara 1 zuwa 3 bai kamata ya wuce giram 2 na gishiri a rana ba, wato kamar kashi ɗaya cikin uku na ƙaramin cokali, kuma burodi da dunƙulen ɗanɗano duk suna cikin lissafin. Ki ɗebi nasa kafin ki zuba gishiri, dunƙule da yaji, ki daddage naman sala-sala. Kada ki cika masa kwano. Babban cokali ɗaya zuwa biyu na kowane nau'i ya isa farawa, in ya nema a ƙara. Yaron da ya ga taron baƙi yakan ƙi cin abinci ma gaba ɗaya, wannan ba ciwo ba ne, kada a yi masa ɗura.

Abin da za ki tsaya kai da fata a kansa shi ne abin da ke maƙalewa a maƙogwaro: gyaɗa da danginta ba a niƙa ba, gugguru, alawa mai tauri, ɗanyen karas, da inabi ba a yanka ba. Gyaɗa guda-guda sai ya kai shekara 5. Inabi a tsaga shi a tsaye gida huɗu. Ya ci a zaune, ba yana gudu ko ana yi masa cakulkuli ba. Ki faɗa wa dangi tun kafin a zuba abinci, ki kuma ajiye ɗan kwanon yankakkun 'ya'yan itace kusa, duk mai son ba shi wani abu ya ɗauka daga nan. Hakan ya fi a yi ta "kar ki ba shi" a gaban mutane.

Yaron da ke tari da ƙarfi yana kuka, iska na wucewa, a bar shi ya yi tarin. Wanda ya yi shiru, ya kasa kuka, leɓensa ya fara sauya launi, shi ne ya shaƙe: a sunkuyar da shi, a buga tsakanin kafaɗunsa da tushen tafin hannu har sau biyar, wani kuma ya nemi agajin gaggawa. Kada a zura yatsa ana lalube, ana iya ƙara tura abin ciki.

Ragowar abinci ya shiga firiji cikin awa biyu, a rarraba shi a ƙananan mazubai don ya huce da wuri. Sanyin gari ba firiji ba ne. Shinkafa ta fi saurin ɓaci, a sanyaya ta cikin awa ɗaya, a cinye kashegari, kuma ɗumame sau ɗaya ake yi, ya yi zafi har tsakiya.

Tambaya: Muna so mu kafa wa ɗanmu mai shekara uku wasu al'adun hutu da zai taso da su. Bara mun yi ta yawo da shi gidajen dangi da wuraren wasa, ƙarshenta kullum da kuka da birgima ake tashi. Ina kuskuren yake?
— Iyayen yaro

Amsa: Yawan ne ya yi masa yawa. Ɗan shekara 3 zuwa 5 yana bukatar barcin awa 10 zuwa 13 a yini da dare, kuma yawon biki barci da lokacin cin abinci yake fara cinyewa. Birgimar nan gajiya ce da yunwa, ba rashin tarbiyya ba. Fita ɗaya a rana ta isa, a yi ta bayan ya tashi daga barcin rana ko da hantsi, a tafi da abin taɓawa, lokacin kwanciya kuma kada ya gusa fiye da awa ɗaya.

Yawancin mutane ba sa tuna abin da ya faru kafin su kai shekara uku ko uku da rabi. Abin da ke zama a ran yaro shi ne wanda aka yi ta maimaitawa, don haka ku zaɓi abu biyu ko uku da za ku iya yi ko a shekarar da aljihu ya yi sanyi: abinci guda da ake dafawa tare a ranar farko ta hutu, labari guda da kaka ko baba ke bayarwa da dare, ranar da shi da kansa zai zaɓi kayan da suka yi masa kaɗan a kai wa wani yaron.

Wanda muka fi so shi ne hoton tafin hannu. A kwaɓa fulawa kofi 2, gishiri kofi 1, da ruwa kusan kofi 1, ana zubawa kaɗan-kaɗan. A murza ya yi kaurin santimita ɗaya, ya danna tafinsa, a huda rami a sama don rataya, a zana shekarar da tsinke. A busar a obin a digiri 100 na awa biyu zuwa uku. In wuta ta yi yawa zai kumbura ya tsage, in bai bushe har ciki ba zai yi fumfuna. Ba na ci ba ne ko kaɗan, gishirinsa na iya cutar da yaro ko dabbar gida.

Ku kuma sa ido kan ƙananan batura masu kama da maɓalli da ke cikin kayan wasa da fitilun ado. In yaro ya haɗiye ɗaya, yana iya ƙona masa hanyar abinci cikin awa biyu. Ko zato kuka yi, asibiti nan take, ban da sa shi amai.

Tambaya: Jikata 'yar shekara biyu tana tari da majina tun shigowar sanyi. In sayo mata maganin tari?
— Kaka

Amsa: A'a, Hajiya. Magungunan tari da mura na kanti ba a ba ƙananan yara irin ta sai da izinin likita, amfaninsu kaɗan ne, illarsu kuma tana iya yawa. Ki ba ta zuma rabin ƙaramin cokali zuwa cokali ɗaya kafin barci, da ruwa mai ɗumi a kai a kai, a ɗiga mata ruwan gishirin hanci na kemis in ya toshe. Zuma ga wanda ya wuce shekara ɗaya ne kawai, jariri ba a ba shi ko ɗigo.

Ki ƙirga numfashinta na minti ɗaya cur tana kwance shiru. Daga shekara 1 zuwa 5, numfashi 40 ko fiye ya yi sauri. In kin ga haka, ko ƙasan haƙarƙarinta na lotsawa ciki in ta ja iska, ko ta ƙi shan komai, ko barci ya yi mata nauyi tana wuyar tashi, a kai ta asibiti a ranar. Haka ma in tarin ya haura mako uku.