Na Ranta wa Abokina Kuɗi Ya Ƙi Biya: In Sa a Kama Shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Bara na ranta wa abokina naira 400,000, na tura masa ta banki, ba mu yi rubutu ba. Ya ce wata 3 zai biya, ga shi an shekara, kullum sai gobe. Wasu sun ce in kai shi wurin 'yan sanda, wasu sun ce in riƙe babur ɗinsa. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yi ko ɗaya. Sashe na 32(2) na Dokar 'Yan Sandan Najeriya ta 2020 ya hana a kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai, sashe na 36 kuma ya hana a kama matarsa ko ƙanensa a madadinsa. In ka sa aka tsare shi, yana iya maka ka a kotu ya nemi diyya. Maganar takan koma laifi ne idan damfara ce tun farko, ko ya ba ka cakin bogi. Babur ɗin ma, tunda ba jingina ba ne, ƙwace shi zai mayar da kai mai laifi.

Inda aikinka yake shi ne hujja. Takardar bayanan asusunka za ta nuna kuɗi sun fita, amma ba za ta nuna rance ba ne. Yana iya cewa kyauta ce ko jarin kasuwanci. Saboda haka, tun kafin rai ya ɓaci, tura masa saƙon WhatsApp: "Naira 400,000 ɗin da na ranta maka, yaushe zan samu?" Ko "ka ƙara haƙuri" ya rubuto, ka samu abin riƙewa. Kada ka goge, kada ka sayar da wayar. In zai yarda, ku rubuta adadin da ranar biya a gaban shaidu biyu, yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta umarta.

Daga nan sai takardar neman biya, ka ba shi kamar kwana 14. In ya yi shiru, sai kotu. A kotun shari'ar Musulunci, hujja a kanka take; a Malikiyya shaida ɗaya da rantsuwarka suna tabbatar da haƙƙin kuɗi, in babu kuma ya musanta, shi zai rantse. Kano na da kotun ƙananan ƙararraki tun 2019, ba sai ka ɗauki lauya ba. Kada ka yi sanya, domin a jihohi da dama kotunan da ba na shari'ar Musulunci ba ba sa karɓar ƙarar bashin da ya wuce shekara 6.

Shi ma yana da haƙƙi. Ba ka da ikon ƙara ko kwabo a kan abin da ka ba shi don ya yi jinkiri, kuma in ya tabbata babu ce ta hana shi, alƙali na iya yanka masa biya kaɗan-kaɗan duk wata.